Ƙwan da Umma Ba Ta Taɓa Ba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai", in za ta yi zancena da wani sai ta ce "wancan". A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a nan gemuna ya fara furfura, amma Umma tun tana amarya ta taho da kunyar ɗan fari daga ƙauyensu na ƙasar Kano, ba ta kuma taɓa sauke ta ba. Maƙwabciyarmu Balarabiya sai ta rungumo ƙaton ɗanta a bakin titi tana "ya habibi", ni kuwa ko ruwa na miƙa wa Umma sai ta kalli bango kafin ta karɓa. Na san al'ada ce, kowa ya gaya min al'ada ce. Ni dai tana min ciwo, ban kuma ga ranar dainawa ba.

Autanmu kuwa, sai dai mu ce ma sha Allah. Ya haura talatin, tasi yake ja, amma har gobe Umma tana tsamo nama daga kwanonta ta jefa a nasa. "Autana ka ci? Autana ka rame." Wace rama? Mutumin da sai ya ja kujerar mota baya kafin tumbinsa ya shiga!

Shi ne ya fara kawo ƙadangarun gidan. Wata Juma'a ya dawo daga Jidda da akwatin gilashi, ya dire a tsakar falo. Guda biyu ne a ciki, mace da namiji, kowanne ya kai tsawon kamu, gajerun ƙafafu, wutsiya kakkaura, fatar baƙi da ruwan goro, gudaji-gudaji kamar an jera musu tsakiya. Ya ce daga hamadar Amurka asalinsu yake, kuma dafi gare su a muƙamuƙi. In suka kama yatsa ba sa saki, sai su yi ta tauna har dafin ya shiga. Da safar fata ake ɗaukarsu, da dogon ƙarfe ake miƙa musu abinci.

Na naɗe hannu ina jiran abin da zai biyo baya. Umma fa ce, wadda in ta ga tsaka a bango ba ta zama sai an kashe ta. Na ce yau dai auta zai ji abin da ake ji. Ta dafa sanda ta matso, ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah!" ta ce. "Kai auta, wannan kamar an yi masa lalle. Me suke ci?"

Wallahi saura kaɗan shayi ya sarƙe ni. Ina yaro na taɓa kawo tantabaru biyu, kwana ɗaya suka yi ta aika marigayi Baba ya ce min a fitar da su, suna ɓata mata shanya. Tantabara fa, tsuntsuwar da ke yawo a Harami! Ga shi yau an kawo mata abin da zai iya kwantar da mutum a asibiti, tana tambayar abincinsa.

Daga ranar zancen gidan ya koma na ƙadangare. A kan gurasar tamis da waken ful da safe, a kan shinkafa da rana: sun ci ƙwan? Macen ta fito daga rami? Umma ta tambaya, auta ya amsa, ni ina gefe ina tauna kamar baƙo. Da na gaji sai na bi shi Jidda na sayo nawa biyun. Matata ta dube ni ta dubi akwatin ta ce, "Kai da gemunka? In auta ya sayi kura ma sai ka sayo?" Na ce mata sha'awa ce. Ta ce to Allah ya ƙara sha'awa.

Kiwonsu ba wuya, damo ma bai fi su haƙuri ba, sai su yi kwanaki ba su motsa ba. Samun ƙwai ne aiki. Ba sa barbara sai sun yi barcin hunturu, Makka kuwa ina ta ga hunturu? A nan aka zo hannuna, don sana'ata gyaran firiji ce da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Na gyara ɗan ɗakin da ke saman bene, na toshe taga, na sa mukayyif na yi ta rage zafin a hankali har suka kwanta. Da lokaci ya yi na tashe su. Bayan 'yan watanni macen auta ta yi ƙwai shida, tawa ta yi biyar, farare dogaye masu laushin ɓawo. Auta ya sauko da gudu yana "Umma, an yi ƙwai!" Ta ce, "Kai madalla, autana akwai hannun kiwo." Wanda ya yi ta fama da waya da iskar gas a cikin zafin nan, ba a ko tuna da shi ba.

A wasu ƙasashe ɗumama ƙwai ake yi. A garinmu sanyaya shi ake yi, in ba haka ba ya dahu a inda yake. Na samo tsohon firiji na kai shi ɗakin saman, na canza masa saiti ya tsaya a ɗan ɗumi-ɗumi, ba sanyi ba zafi. Kowa ya zuba garin dutse mai riƙe danshi a robarsa ya jera ƙwansa. Tawa mai jan murfi, ta auta mai shuɗi. Tunda ni na haɗa firijin, na ɗauki benen tsakiya daidai hannu, na bar masa na can ƙasa inda sai an durƙusa. Ko a nan dai in fi shi da wani abu.

Doka ɗaya mutumin Jidda da ya sayar mana da su ya yi ta nanata mana: kada a juya ƙwan. Ƙwan ƙadangare ba na kaza ba ne. Ɗan yana manne wa ɓawo ta sama tun farko, in aka kifa shi gwaiduwa ta danne shi ya mutu. Don haka muka sa fensir muka yi wa kowane ƙwai alama a sama, yadda ko za a canza roba a san yadda yake kwance. Ba mu gaya wa Umma ba. Me zai sa? Gwiwa ta hana ta hawa sama tun shekarun baya, salla ma a kan kujera take yi.

Wata rana na dawo daga aiki da yamma na hau duba ma'aunin zafi, sai na ji warin man zafi a ɗakin, haɗe da turaren da mutum ɗaya ce ke sa shi a gidanmu. Na tsaya ina shinshina kamar mage. Na sauko na tambayi matata, ta ce, "Ai Umma ce. Kullum in kun fita sai ta hau, da hantsi da bayan la'asar, tana dafa bango tana hutawa. Na ce in raka ta ta ce a'a."

Kada in yi muku ƙarya, daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Firijin nan na haɗa shi da hannuna. In ta buɗe, robata ce farkon abin da idonta zai sauka a kai. Na ce ashe a ɓoye take kallon abina, inda babu mai ganinta balle ta ji kunya. Ban ce mata komai ba, kada ta gane na sani ta daina. Na je na yanko bututun ƙarfe na kafa a jikin matakala don ta riƙa dafawa. Na kai kujera na ajiye gaban firijin. Kullum da safe sai na goge jan murfin nan tas, don ta ga ƙwan sosai. Mutum mai 'ya'ya uku, ina goge roba kamar yaron da zai kai allo gaban malam.

Ana haka ƙwan auta suka fara lotsewa. Ɗaya ya yi rawaya, ɗaya ya yi funfuna, kafin wani lokaci in ka ɗaga shuɗin murfin sai ka toshe hanci. Ya zarge ni da cewa ƙasan firijin ya fi sanyi. Na kawo ma'auni biyu na nuna masa duk ɗaya ne. Ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, ya buga wa mutumin Jidda waya har mutumin ya daina ɗauka. Nawa kuwa suna nan cike, farare. Na yi masa jaje da baki, amma cikina fari ƙal. Na ce yau ga abin da hannun kiwo ya yi.

Wajen wata na biyar nawa suka fara tsagewa. Ɗan kai ya leƙo, baƙi da ruwan goro, ya tsaya yana kallon duniya kwana biyu kafin ya ƙarasa fitowa. Biyar na sa, biyar suka fito, kowanne da dafinsa tun daga ƙwai. Na auta duk shida bara-gurbi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka zauna cin abinci. Auta ya sa kwano a gaba ya kasa ci. Umma ta dafa kansa tana shafawa.

"Ka yi haƙuri autana, haka Allah ya so," ta ce. "Ni dai ban yi sakaci ba, Allah ya gani. Tun ranar da ka ce an yi ƙwai na ce waɗannan ba su da uwar da za ta yi musu kwanci. Kaza in tana kwanci ba ta yini ba ta juya ƙwanta ba. Ni da na ƙyanƙyashe zabi a ƙarƙashin kaza tun kafin a haife ku? Da hantsi in kifa su, bayan la'asar in maido su. Alamar nan da ka yi musu ma ta taimake ni, da ita nake gane wanda na juya."

Cokali ya tsaya a hannuna. Auta ya ɗago, muka haɗa ido. Sai ya taka min ƙafa a hankali, ya kama hannun Umma ya ce, "Allah ya saka da alheri Umma. Macen ce ba ta gama girma ba, shi ya sa." Na yarda auta ya yi hankali a nan, ko da yake shi ma wannan sai da ya ba ni haushi.

Ni kuwa lissafin da nake yi daban ne. Wata huɗu da ɗoriya, sau biyu a yini, da wannan gwiwar. Ta buɗe firiji, ta wuce robata da ke daidai hannunta, ta durƙusa har ƙasa. Ƙarfen da na kafa shi ta dafa, kujerar da na ajiye a kanta ta huta. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Umma, nawa fa?"

Tun da nake ban taɓa tambayarta wani abu kai tsaye irin haka ba.

"Jan murfin. Ko sau ɗaya ba ki buɗe ba?"

Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta juya wajen bango. "Ji wata magana," ta ce. "Ni in taɓa kayan wancan? Sai ka ce marar kunya." Sannan ta ce da matata, "Ki ce ya ba ƙaninsa biyu mana. Ai shi ya samu."

Na ba shi biyu. Na zaɓar masa masu kyau ma, don kada a ce.

Da shekara ta zagayo aka sake yin ƙwai. Auta ya kwashe nasa ya kai gidan wani abokinsa a unguwar Jarwal, ya ce wa Umma can ya fi kusa da inda yake ɗaukar fasinja. Har yau ba ta san abin da ya kashe na bara ba. Nawa bakwai na jera su a benen tsakiya, su kaɗai a firijin. Na yi musu alama manya-manya, na bar murfin a sakwarkwace yadda ko da yatsa ɗaya zai buɗu. A wajen cin abinci na ɗaga murya ina ce wa matata, bana ƙwan nan ba su da mai duba su, aiki ya yi min yawa, ga su ba uwa.

Da muka shiga ɗaki matata ta ce, "Ka yi hauka ne? In ta ji tausayinsu ta hau, kashe maka su za ta yi."

Na ce, "Na sani."

Na riƙa baro aiki da azahar in hau sama, lokacin da in an kifa su da hantsi zan tarar da alamar a ƙasa. In tsaya a bakin ƙofa in shinshina, sannan in buɗe firijin. Warin garin dutse ne kawai da danshi, alamomin nan bakwai suna kallona. Ko ɗaya nake so in tarar a kife, wallahi ko guda ɗaya.

Bakwai na sa, bakwai suka fito, lafiyayyu. Auta ya ce, "Kai Yaya, kai ne mai hannun kiwo." Umma ta aiko matata ta ce a ce da wancan barka. Na rufe firijin, na jawo kujerar da na ajiye mata, sai da na kaɗe ƙurar da ke kai sannan na zauna.