Bazarar da Tafkin Alhaji Ya Ja Baya

A bakin tafkin Cadi aka haife ni. Sana'ar fito na gada. Ubana ya tuƙa jirgi, ni ma na tuƙa, har shekarar da masu bindiga suka ƙone mana gari. Wannan labarin ba zan ba da shi ba. Na fito da matata da filafilina, itacen tuƙi ke nan. Mota ta sauke mu a Damagaram, wata ta kai mu Agadas, ta ƙarshe ta zubar da mu a Arlit, garin da ko kwaɗo bai taɓa zuwa neman aiki ba.

Na yi dako a tasha, na yi ga-ruwa. Muna kwana a bukkar kwali da tsohuwar ganga a bayan gari. Nan mai ɗakina ta kamu da tarin da ya ƙi sakinta. Likita ya ce a sama mata ɗaki mai ƙofa da taga. Ya faɗa kamar a kantin magani ake sayar da shi.

Ana haka wani Alhaji ya aiko a kira ni. Kamiyoyinsa, manyan motocin kaya, su ne ke yi wa kamfanin uraniyom jigila, kuma Allah ya buɗa masa. Ya je wata ƙasa ya sauka a otal na bakin tafki, ya ga ana tuƙa manyan mutane da maraice suna shan iska. Da ya dawo sai ya sa aka haƙa rami a garkarsa, aka shimfiɗa leda mai kauri, aka zuba laka a kai, motar ruwa ta yi ta zirga-zirga har ya cika. Faɗinsa bai kai filin ƙwallon yara ba. Zurfinsa iya cibiya. Jirgin katako kuwa daga Yamai aka ɗauro shi a bayan kamiyo. Saura matuƙi. Aka ce masa akwai wani ga-ruwa da ke yawo da filafili.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ka iya ruwa?"

Na ce, "Na iya, ranka ya daɗe."

"Daga yau kai ne Sarkin Ruwa."

Sarautar ta zo da ɗaki a cikin garkar, na siminti, mai ƙofa da taga, a inuwar darbejiya. Ranar muka tare. Kafin watan ya mutu tarin ya yi sauƙi. Ni dai a wannan aiki ɗakin nake gani, sauran duk ado ne.

Akwai mai kula da shuke-shuken garkar, wani tsoho mutumin Tawa. Kullum da safe sai ya durƙusa mini da gangan ya ce, "Sarki, mi ruwa ya kwana ciki?" Ni kuma in ce masa ya je ya tambayi albasarsa.

Alhaji ya ce a otal ɗin can kowace safiya ana sanar da baƙi halin da tafki ke ciki, ko a fita ko kada a fita, don haka shi ma haka yake so. Yakan kira ni a salula bayan ya karya kumallo, ya buɗe muryar wayar don mutanen zaurensa su ji.

Da farko gaskiya nake faɗa masa. "Ruwa lafiya lau." Gobe ma haka, jibi ma haka. Sai na ji ransa ya fara ɓaci.

Ya ce, "Kullum lafiya lau? Wane irin tafki ne wannan? Randa na haƙa?"

Na gane. Mai tafki ba ya son tafkin da ba ya ban tsoro. Lokacin bazara ta shigo, sai na ɗauko bazarar gida na ɗora wa raminsa. A can, in zafi ya kama, safiya kwance take kamar mai a kasko. Bayan azahar iska ta juyo daga kudu maso yamma, ruwa ya fara tsalle yana dukan ƙirjin jirgi. In ka hangi gabas ta yi ja, ka nemi gaɓa tun kana da hannu, don wannan hadarin ba ya sallama. Na binne mutanen da suka raina shi. Duk na faɗa wa Alhaji, rana bayan rana, yadda na san tana tafiya a can.

Ya ji daɗi ƙwarai. Sai ya tara baƙi, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, a yanka rago, a zo bakin ruwa. Ya tambaye ni, in ɗaga kai in dubi sama in ce iska ta juya. Sai ya waiwaya da fuskar jimami ya ce, "Ku yi haƙuri, yau tafki ba ya shiguwa. Sarkin Ruwa ya hana." Su yi ta jinjina kai suna kallon ruwan da agwagwa biyu ke barci a kai. Wani ya ce shi ma ya ga alamar haka tun da ya shigo.

Ranar da na yarda a fita, in ɗauki Alhaji da baƙo ɗaya, sanye da rigar ceto ja, in kewaya da su a hankali don kada a iso da wuri. Wata rana wani baƙo mai tabarau ya saka hannu a ruwa, ya tambaya ko akwai dorina.

Na ce, "Da bazara sukan matso gaɓa."

Ya janye hannunsa. Ban yi ƙarya ba. Sukan matso.

Haka muka ci shekaru. Sai al'amura suka juya, aka rufe iyakoki, aikin ma'adinai ya yi sanyi. Kamiyoyin Alhaji suka jeru a gareji, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Motar ruwa ta rage zuwa, daga baya ta daina. Ga bazara ta sake kamawa, ranar Arlit kuwa ba ta tambayar ruwan wane ne kafin ta sha. Ruwa ya sauka daga cibiya zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa idon sawu. Agwagwin aka soye su. Jirgi ya zauna a laka.

Kiran safiya ya tsaya. Na ji an sallami direbobi, an sallami mai dafuwa. Mutumin Tawa ya daina durƙusa mini. Ya ce, "Sarki, ni dai albasa na shan ruwan rijiya. Kai hwa? Ina ƙasar taka?"

Mai ɗakina ta fara ɗaure kaya a zani. Na ce ta kwance.

Ta ce, "Malam, ba ruwa, ba matuƙi. Gara mu fita da ƙafarmu."

Na ce, "Mu koma bukka ki mutu?"

Ba ta kwance ba.

Ran Juma'a bayan masallaci Alhaji ya zo, tare da abokansa uku waɗanda suka matsa sai sun ga tafki. Na san dalilinsu. Gari ya ɗauka cewa Alhaji ya karye, suna so su gani da idonsu. Suka tsaya a gaɓa. Laka ta tsattsage, leda ta leƙo a gefe. Ɗayansu ya yi gyaran murya ya ce, "Ikon Allah. Alhaji, ina ruwan ya tafi?"

Alhaji ya juyo. Ya dube ni. Kallon sallama ne, na san shi, an sha yi mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban samu na ba ka rahoton yau ba. Tafki ya ja baya."

"Ya ja baya?"

"Haka babban tafki ke yi da bazara. Namu na gida yakan tafi har ka yini kana tafiya ba ka cim masa ba. Inda ka kama kifi bara, bana masara za ka shuka. Kududdufi ne ke ƙafewa. Tafki ja da baya yake yi."

Na ga kafaɗun Alhaji sun sauka. Ya juya ga abokansa ya ce, "Kun ji ko? Abin da nake ta faɗa ke nan. Canjin yanayi. Har Cadi bai tsira ba, balle mu." Ya yi musu bayani mai tsawo a kan zafin duniya, yana nuna gaɓar da da sandarsa. Suka ce lallai abin ya shafi kowa. Mai gyaran muryar ya so ya ƙara magana, sai ya rasa ta inda zai kama.

Da suka nufi mota Alhaji ya dawo shi kaɗai. Ya rage murya.

"Yaushe yake dawowa?"

Na ce, "Namu ya taɓa tafiya ina goye. Sai da na yi gemu ya dawo ƙofar gidanmu."

"Su matuƙan fa, me suka yi?"

"Suka zauna a gaɓa suka jira. In matuƙi ya tashi, mutane sai su ce tafkin ya mutu."

Ya daɗe yana kallon jirgin. Ya san abin da nake nema, na san abin da yake ɓoyewa. Ya ce, "Albashi ba zai riƙa zuwa kamar da ba."

Na ce, "Ɗakin fa?"

"Ka zauna ka jira shi."

Da yamma mai ɗakina ta kwance kayanta. Lakar gindin tafkin da sauran danshi, muka shuka wake da yakuwa, yadda ake yi a gida in ruwa ya janye. Jirgin katako ba ya son bushewa, tsagewa yake, don haka ruwan alwalarmu da na wanke-wanke duk a cikinsa muke juyewa. Har yanzu bai tsage ba.

Alhaji ya koma kiran safiya, in yana da baƙi a zaure. Yakan ce, "Sarkin Ruwa, yaya tafki?"

In ce, "Yana nesa, ranka ya daɗe. Yau ba fita."