Muryar Inna a Cikin Kwamfuta

Ƙaras! Ƙarar da na ji ke nan lokacin da na ɗauki kwanon da maƙwabciyata ta dawo mini da shi. A ƙauyenmu ba a mayar da kwano haka nan. Idan kin aika da dambu, za ki tarar da kuɓewa ko gyaɗa a ciki. Amma tun da maigidana ya sayo kwamfuta ta hannu a Kano, sai kwanukan suka fara dawowa da memori, ɗan katin nan na ajiye sauti. Wata tana so in tura mata karatun Alƙur'ani, wata kuma ta cika nata da wa'azi daga wurin masu tura abubuwa a kasuwa, ta ce ni ma in kwafa in samu lada. Wa zai ce a'a ga wa'azi?

Na saka memorin maƙwabciyar, na kwafa, na mayar. Washegari na kunna kwamfutar don in ji muryar Inna, mahaifiyata. Ranar sunan autata ne maigidan ya ɗauki muryarta tana sa wa jikokinta albarka ɗaya bayan ɗaya, tana haɗawa da tsokana. Ba ta ga wata damina ba bayan wannan. Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa, babu inda muryar ta rage sai nan.

Na danna, bai buɗe ba. Na sake dannawa. Sai wasu abubuwa suka yi ta fitowa suna ɓacewa, kwamfutar ta yi nauyi, ta ɗauki zafi kamar mai zazzaɓi. Na yi salati, na kira maigidan. Yana Watari wurin noman rani.

"Bayiros ne, cutar kwamfuta," in ji shi. "Antibayiros ɗin da ke ciki ya daɗe da ƙarewa, kullum ina cewa zan sabunta. Kada ki taɓa komai. Na ba ki izini, ki kai ta Makoda wurin mai gyara."

Na naɗe ta cikin zane, na rungume ta ƙarƙashin hijabi, na hau mashin. Duk ramin da muka faɗa sai in ƙara ƙanƙame ta. A shagon mai gyara na tsaya a bakin ƙofa, shi kuwa yana ta danne-danne yana girgiza kai.

"Hajiya, wannan ai ba kwamfuta ba ce, kasuwar Dawanau ce. Kowa ya shigo da buhunsa, babu mai tsaron ƙofa."

"Malam, ni ba wasa ya kawo ni ba. Muryar mahaifiyata tana ciki."

Ya daina dariya. "Allah ya jiƙanta. To ki saurara. Antibayiros iri biyu gare ni. Akwai mai zafi, duk abin da ya ga cuta a jikinsa gogewa yake yi, ba ya shawara. Akwai mai tambaya, shi sai ya tsaya ya ji ta bakinki. Wanne zan sa?"

"Wanne ne zai dawo mini da ita?"

"Wannan kam ba zan yi miki alkawari ba."

Na ce ya sa mai tambaya. Ya sa, ya sabunta shi da datar wayarsa, ya ce binciken zai ɗauki lokaci, in je gida in jona ta da sola in bar shi ya yi aikinsa, kada in kashe. Kuma daga yau duk memorin da ya shigo gidan sai an bincike shi tukuna, ko na matar liman ne.

A gida na ajiye ta kan tabarma a inuwar ɗaki. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali. Na ɗora tukunya, na dawo na duba. Na yi la'asar, na daɗe a sujada ina roƙon abin da na ji nauyin faɗa a fili, na dawo na duba. Tuwon ranar ya kama, ban ma sani ba sai da ƙauri ya ishe ni. Autata ta zo ta zauna kusa da ni, ta jingina da cinyata.

Can sai layin ya tsaya, jan rubutu ya fito. Turancina na sakandare ya ishe ni in gane: ya sami cuta a wurare da yawa, har da inda Inna take. Yana tambaya ta, ya goge, ya killace, ko ya gwada gyarawa? Na kira maigidan, layi ya ƙi shiga. Na fita tsakar gida na ɗaga wayar sama, har bakin rumbu na je, shiru. Mai shagon kuwa ban karɓi lambarsa ba. Na dawo na durƙusa gabanta. Na yi bismilla, na danna gyara.

Da ya gama, kwamfutar ta yi sanyi, komai yana buɗewa da sauri. Na nemo wurin Inna, na danna. Ya buɗe. Sai ga hayaniyar gidan suna, ƙarar turmi daga nesa, sannan wani ɗan shiru, Inna ta gyara murya kamar za ta fara magana. Nan ya yanke. Na maimaita, nan ya sake yankewa. Na maimaita har na daina ganin allon saboda hawaye. Babu albarkar, babu tsokanar, ko kalma ɗaya ba ta tsira ba.

Na kai hannu zan rufe, sai yarinyar ta riƙe mini yatsa.

"Umma, kada ki kashe. Ki ƙara sa wurin nan. Ai ina jin numfashinta."