Kawu Habu da Jujin Garin Dankali

Duk wanda ya taɓa zuwa gaishe da Kawu Habu Bajamushe ya san hanci ne ke fara yin sallama kafin baki. Kowa a ƙauyenmu bayan gida yake kai juji, shi kuwa a ƙofar gida ya kafa nasa, dab da dakalin da yake zama. Kuma ba irin namu ba, na watse-watse. Kusurwa huɗu gare shi kamar ginin bulo: kashin shanu a ƙasa, kara a kai, toka, sannan kashin awaki. Wallahi akwai shekarar da in ka hau kansa sai ka hango kasuwar Maigatari! To, na ɗan ƙara gishiri. Amma Gagarawa kam za ka hango.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gabansa na tashi, don haka na san mafarin abin. Yana saurayi yana aiki a ƙarƙashin malamin gona aka tura su kwas ƙasar Jamus. Abokan tafiyarsa aka bar su a birni, shi aka jefa shi wani ƙauye, gidan wani tsohon manomi wai shi Hansi. Sunan ƙauyen in Kawu ya faɗa sai ka ce ƙayar kifi ce ta maƙale masa, sai muka sa masa Garin Dankali, tunda wata taran da ya yi can dankali da kabeji kaɗai ya yarda ya kai baki. Komai nasu da alade a ciki, in ji shi, har gaisuwa.

Mun san garin nan kamar a can aka yanke mana cibiya. Yana cikin kwari tsakanin tuddai biyu, rafin da ba ya ƙafewa ya ratsa tsakiyarsa, daji baƙi ƙirin a bayansa. Shanu a ƙasan gida, mutane a bene, ɗumin shanun ne ke hana su sanƙarewa in ƙanƙara ta sauka. Ga coci da ƙararrawar da ke gaya wa kowa lokacin tashi da lokacin ci. Gefen cocin akwai wani dutse da aka sassaƙa sunayen mazan garin da yaƙi ya cinye. Kawu ya ce sau huɗu ya ga sunan gidan Hansi a jiki. Kuma can ba a tambayar mutum shanunsa nawa. Jujin ƙofar gidansa ake duba.

Kalma ɗaya tak ya dawo da ita: "Mis!" Wai da yarensu taki ke nan, kuma da ita suke ashar in abu ya ɓaci. Kawu ya ce bai taɓa ganin masu hankali irinsu ba, dukiyarsu da zaginsu suna ɗaya.

Mu dariya muke yi, shi kuwa ba wasa yake ba. Duk takin nan gonarsa ta gabas yake kaiwa, gonar kakanni, rairayi fari da ya mayar baƙa da hannunsa. Burinsa ɗaya a duniya, kada gonar nan ta fita daga gidan.

Kun tuna lokacin da wani ɗan acaɓa daga garin Sule Tankarkar ya fito neman 'yarsa Ladi? Kawu ya hau keke ya je binciken asali, ni ina biye. Ya zagaya gidan su yaron sau biyu kafin ya zauna a tabarma.

"Alhaji, ina jujinku?"

Uban yaron ya dube ni, ya dube shi. "Juji kuma, Malam Habu? Mu ai 'yan kasuwa ne. Yaron nan babur gare shi sabo fil, ko ledar ba a gama cirewa ba."

"Babur ɗin yana kashi?"

An dai yi auren, don Ladi tana so. Gudunmawar Kawu amalanke uku ce ta taki, aka juye a ƙofar ango ranar kai amarya. Har gobe surukan nan in sun gan ni sai sun toshe hanci.

Ko zaman makoki bai tsira ba. Da maƙwabcinsa Malam Idi ya rasu, muna zaune a ƙofar gida kowa ya yi jugum, 'ya'yan mamacin kuwa sun koma gefe suna ƙus-ƙus a kan gonar ubansu. Sai Kawu ya gyara murya.

"Ku gode wa Allah, jama'a. A Garin Dankali kabari ma aro ne. In shekarunka suka cika, babu mai zuwa ya nema maka ƙari, sai a ɗauke dutsen a sa wani."

"Malam Habu," in ji Liman, "a makoki muke fa."

"Shi ya sa na faɗa, Allah gafarta Malam. Idi ya samu inda ba mai tashinsa. 'Ya'yansa ne ban san inda za su kwanta ba."

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma sai da na fita waje.

Abin da ke cin sa wasiƙu ne. 'Yar Hansi, Marta, takan rubuto masa sau ɗaya a shekara. Ya sa tabarau, ya ɗauko wani ƙamus da gara ta ci rabinsa, ya yi kwana uku yana haƙo magana, sannan ya karanta mana a dakali kamar sanarwar mutuwa. Bana an rufe makarantar garin, ba yara. Bana mai burodi ya mutu, ba wanda ya gaje shi. Bana limamin cocinsu shi ke zagaya ƙauyuka biyar. An sayar da saniyar ƙarshe. 'Yan birnin da suka sayi gidajen sun yi ƙorafin wari, an kwashe jujin kowa. Gonakin duka sun koma hannun mutum ɗaya mai manyan injuna, yana shuka masara ana zuba ta a wata ƙatuwar tukunya ana yin wutar lantarki.

"Masarar da ba mai ci!" Kawu ya cire tabarau. "Ba fari, ba fara, rafi yana nan yana gudu. Yaƙi bai iya kashe garin nan ba. Yara ne kawai suka tafi."

Na ce, "Kawu, ina Jamus ina nan? Mu ko lantarkin ba mu da shi."

"Kai a ina kake zaune?"

Ni kuwa a lokacin na shekara goma a Gumel ina ɗumama kujerar ofis. Babban ɗan Kawu, Sani, yana Kano yana sayar da kayan waya. Ƙaramin, Garba, ya tsallaka ta Maigatari ya nufi arewa. Daga Agadas ya kira sau ɗaya, shi ke nan har yau.

Sai ga wani kamfani ya zo yana son gonakin gabas gaba ɗaya, wai zai shuka rake. Bulama, mai garinmu, ya tara mutane a gindin dalbejiya. Wakilin kamfanin, wani matashi mai hular rana, ya baje takardu a tebur. Shekara biyu ke nan damina tana yi mana rowa, don haka ba na ganin laifin kowa. Mutane suka yi layi suna dangwala yatsa. Da aka zo kan Kawu ya ɗauki takardar, ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye.

"Mis!"

Matashin ya juyo wajena, da yake ni ne mai biro a aljihu. "Yallaɓai, me Baba ya ce?"

"Jamusanci ne. Ko dai yana nufin dukiya, ko kuma zagi ne."

"Na biyun," in ji Kawu, ya ɗauki sandarsa.

Aka ja waya mai ƙaya ta kewaye gonakin, tasa ta zama tsibiri a tsakiya. Hanya aka bar masa siririya, wadda amalanke ba ta shiga, kuma sai an zagaya ta bayan maƙabarta. Tsoho ya haura saba'in ya koma ɗora mangala a jaki, sawu shida a wuni, a zafin bazara. Gidajen unguwar suka fara zama kango ɗaya bayan ɗaya. In ya tsaya a gonarsa ya yi sallama, injin ban ruwa ne ke amsa masa.

A shekarar ne wasiƙar da ya aika wa Marta ta dawo, ba a buɗe ba, da hatimi a bayanta. Bai ɗauko ƙamus ba. Ya ce, "Garin ya ƙare," ya sa ta a ƙarƙashin tabarma.

Da ciwo ya kama shi na kai shi asibiti a Gumel. Kwana biyu ya yi ya ce gadon ya fi ƙarfinsa, a mayar da shi gida. Ranar da na je duba shi da hantsi, yana kwance a zaure, ya zama kamar kara. Na fara zuba masa shirme irin nawa, bai kula ba.

"Wa zai yi shuka bana?"

"Ni, Kawu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai? Da wannan tumbin? In ka sunkuya wa zai miƙar da kai?"

"Na dai ce ni."

"To, na ji. Allah ma ya ji."

Ranar Alhamis ya cika, ruwa bai sauka ba. Bayan sadakar arba'in aka raba gado. Sani yana da 'ya'ya bakwai a ɗaki biyu na haya, Ladi mijinta ya karye a babur, rabon Garba kuwa alƙali ya ce a ajiye, ga shi ba mai noma gonar. Aka kira mai hular rana, aka sayar wa kamfanin. Ni ne na sa hannu a matsayin shaida, da biron nan nawa. Ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba sai yau.

Ruwan farko ya sauka daren Talata. Da safe na hau mota daga Gumel da irin geronsa a ƙunshe, na ari sungumi. Na tarar an toshe siririyar hanyar, katafila ta riga ta shafe iyakar gonar, ko kukar da muke hutawa a gindinta babu. Na tsaya ina haki. Daga nan na bi gefen wayar ta waje, a bakin hanya, na fara sara ina jefa iri ina takewa. Sai ga maigadi, da kulki a hannu.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Shuka."

"Nan ai ba gona ba ce."

"Na sani, ɗana. Ni ma ba manomi ba ne."

Sai ya jingine kulkin ya karɓi sungumin, ya ce yadda nake riƙe shi yana ba shi ciwon baya. Layi uku muka yi. Awaki suka cinye biyu. Na ukun ya ba ni zangarniya goma sha ɗaya, na kai wa Ladi, ta surfa ta dama kunu, muka raba wa tsofaffin da suka rage a unguwar. Kowa ya samu ludayi biyu.

Iya abin da na iya ke nan, Kawu, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya sanyaya shi. Ya dawo mana da Garba, ko ya sanar da mu inda yake. Mu da muka watse, Allah ya tara mu inda ba a tashin kowa. Amin.