Yayana Ɗan Tauri a Motar Ƙarfe

Shekarar da aka ce kowane dagaci a ƙasar Gumel ya ba Bature mutane don yaƙin Jamus, namu na wajen Ɗanzomo ya duba ya ga gidanmu ne ba mai tsaya masa, sai ya ba da ni da yayana. Jirgin ƙasa ya miƙa mu ga na ruwa, muka tsinci kanmu a ƙasar da ruwan sama ba ya gajiya.

Yayana ɗan tauri ne. A Gagarawa ya sha maganin, wuƙa lanƙwashewa take a jikinsa, kuma ba ya barin kowa ya manta. Sai dai mai maganin ya kafa masa sharaɗi: tafin ƙafarsa ya kasance a ƙasa, in ba haka ba babu ruwansa.

Wata safiya Turawa suka kawo babbar mota da suka lulluɓe da fallayen ƙarfe, wai ta ratsa da mu hanyar da ake harbi daga daji. Aka cusa mu kamar kaji a akurki. Ba iska sai ta 'yan ramukan leƙe, ga hayaƙi, ga zafi. Na tsani motar nan tun kafin ta motsa.

Ba mu yi nisa ba ta kafe a taɓo, aka buɗe mana wuta. Harsashi na dukan ƙarfen kamar ƙanƙara, ko ɗaya bai shigo ba. Yayana bai lura ba, katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa yake kallo.

Na riƙe masa ɗamara na ce, "Yaya, ka yi wa Allah ka zauna."

"Ƙanena, a nan tsirara nake. Sake ni in taka ƙasa."

Ya fizge, ya ture sajenmu daga bakin ƙofa, ya dira. Saje ya maida sakata ya jingina da ita. Na leƙa ta rami, ga yayana kwance a taɓo, kusa har ina ganin motsin leɓensa. Na roƙi saje, na zage shi. Ya ce in ya buɗe duka za mu mutu, kuma gaskiyarsa ce, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Yayana na kiran sunana, ina kafa baki a ramin ina cewa, "Na'am, Yaya, ga ni." Haka muka yi ta yi har rana ta karkata. Ban daina amsawa ba sai da saje ya dafa kafaɗata ya ce tun azahar ba mai kira.