Tarin Baba a Bayan Liman

Shekarar da aka maido ni koyarwa a Tawa ce ƙafafun Baba suka kumbura. Manomi ne a ƙauyenmu na kusa da Affala, mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba. Da na je gida hutu sai na tarar takalminsa ya daina shigarsa, kuma daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Ya ce gajiyar girbi ce. Inna ta ce wata uku ke nan da rufe rumbu.

Da ƙyar na shawo kansa muka hau motar haya zuwa Tawa. Likitar da muka samu mace ce. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta danna masa ƙafa, yatsanta ya bar rami. Ta ce hawan jini ne ya daɗe a jikinsa har zuciya ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa. Ta rubuta maganin fitar da ruwa, da wata ƴar ƙwaya fara da za ta saki jijiyoyin jini don aikin zuciya ya yi sauƙi, a sha kowace safiya. Ta ce ya rage gishiri da magi da kanwa, in zai tashi ya tashi a hankali don kada jiri ya ɗebe shi, bayan mako biyu a dawo gwajin ƙoda. In kuma leɓe ko harshe ya kumbura, a kawo shi nan take.

Baba ya ɗora ƙwayar a tafin hannunsa ya daɗe yana kallonta.

"Ɗiyata, wanga abu ko wake ya hi shi girma. Babu allura?"

"Babu, Baba. Ku dai sha."

Kafin mu fita ta juyo gare ni ta ƙara wasu bayanai da Faransanci. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai irin na mushen lakkol, wato malamin boko, da ba ya son a ce bai gane ba, alhali hankalina na kan yadda zan ɗora tsoho a kabu-kabu.

Maganin ya yi aiki. Kumburi ya sace, haki ya ragu, gwajin ƙoda ya fito lafiya. Baba ya koma ƙauye yana gaya wa kowa cewa addu'a ce.

Sai tari ya zo. Busasshe, babu majina, babu zazzaɓi, ɗan ƙaiƙayi ne a maƙogwaro da ke fitowa "ihim, ihim". Matsalar ita ce a ƙauyenmu kowa ya san ma'anar "ihim" ɗin Baba. Ba mai yawan magana ba ne. In abu bai yi masa ba, gyaran murya ɗaya yake yi, mai laifi ya nemo laifinsa da kansa. Matar ƙanena ta gaya mini cewa a yini ɗaya sau uku ta share tsakar gida, ta sake ɗaurin akuya, har yanzu ba ta san me ta yi ba.

A masallaci abin ya fi muni. Baba ne ke tsayawa daidai bayan liman, shi ke yi masa gyara in karatu ya kuɓuce. Limamin kuwa sabo ne, bai daɗe da gadon mahaifinsa ba. Ina cikin sahu wata magariba, ya ɗauko doguwar sura yana tafiya tiryan-tiryan, sai Baba ya ce "ihim". Liman ya tsaya cak. Ya koma farkon aya a hankali. "Ihim." Ya sake komawa baya da aya biyu. "Ihim, ihim." Sai bawan Allah ya yi ruku'u kawai. A raka'a ta biyu ya ɗauko mafi gajartar surar da ya sani, ya karanta ta a guje.

Bayan sallama ya juyo yana share gumi.

"Baba, don Allah ina na yi kuskure?"

"Ni ban ce ka yi ba."

"To ai kun yi magana."

"Ihim," in ji Baba. Liman ya sunkuyar da kai.

Inna ta dafa citta da kanumfari, ta ba shi zuma da lemun tsami. Wani abokinsa makiyayi daga arewa ya aiko da nonon raƙumi. Ni ma na sayo ruwan maganin tari a farmasi, ban gaya wa mai sayarwa abin da Baba ke sha ba. Duk a banza.

Baba da kansa ya gano bakin zaren, don ya lura tarin ya biyo bayan ƙwayar ne. Bai gaya wa kowa ba, ya daina shan duka magungunan biyu. Tari ya tafi, liman ya koma dogayen surori. Bayan kamar wata guda Inna ta kira ni a waya. Ta ce ƙafa ta koma yadda take, kuma ba ya iya kwanciya sai a jingine, numfashi na yanke masa. Wannan karon ban yi dariya ba. Da na isa gida na tarar da shi ya rame a fuska, ya cika a ƙafa, ƙwayoyin kuwa suna cikin gwangwanin shayi, a jere, ko ɗaya bai zubar ba.

Kwana huɗu ya yi a gadon asibiti. Da ya samu sauƙi likitar ta ji labarin duka, ta yi dariya har da hawaye da aka zo kan batun liman, sannan ta ɗaure fuska ta dube ni.

"Mushe, ban gaya maka wannan maganin yana sa wasu busasshen tari ba? Ban ce in ya dame shi ku dawo a canza ba, kada ya daina da kansa?"

Na ce wataƙila ta faɗa.

Baba ya juyo a kan gado. "Kai, da Hausa ta hwaɗi ko da Nasaranci?"

Na ce da Faransanci.

"Shekara nawa na kai ka lakkol?"

Likitar ta sauya masa wata ƙwayar mai irin wannan aikin wadda ba ta cika kawo tari ba, ta kuma maimaita komai da Hausa, a gaban Inna. Tun daga ranar maganin ya koma hannun Inna. Kowace safiya bayan kunu takan tsaya a kansa da moɗar ruwa, ya haɗiye, ta ce ya buɗe baki ta gani. Yakan harare ta ya ce shi ba jinjiri ba ne. Ita kuma ta ce ya ɗaga harshe.