Askar Inna

Shekarar da aka fara zuba kwalta a hanyarmu, dagaci ya tako da kansa har gidanmu a Basirka. Ya ce gwamnati na son ungozomar gari ta je asibitin Birnin Kudu a ƙara mata sani. Ungozomar gari kuwa mahaifiyata ce, Inna. Daga bayan zana ta ba shi amsa: "Ranka ya daɗe, ni na yanke maka cibiya. Wa zai koya min?"

Cika baki ne kawai, tsoro take ji, irin wanda nake ji. A wurinmu lokacin, asibiti wurin da ake kai wanda aka fid da rai da shi ne. Ni kuwa ban taɓa wuce kasuwar Gwaram ba, ko mota ban taɓa shiga ba. Ina zawarci a ɗakin Inna, aurena ya mutu bayan ɗana na fari ya sandare ya rasu ana gobe suna. Shi ya sa na ce ni zan je. Ina so wani ya gaya min abin da ya kashe shi.

Matan unguwa suka samu abin dariya. Wai wadda ba ta gama haihuwar kanta ba, ita ce za ta zama ungozoma? Inna ba ta hana ni ba. Ta ƙulle min ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ce kada in yarda su yi min allura.

Na hau bayan a-kori-kura na ƙanƙame buhun dawar wani, amai nake yi har Birnin Kudu. Da warin magani ya buge ni a ƙofar asibiti, saura kaɗan in juya. Kunyar dariyar matan nan ce ta tura ni ciki.

Malamarmu wata sista ce Kirista daga kudu, Hausarta a karkace, amma ba ta gajiya da maimaici. A wanke hannu da sabulu, a tafasa almakashi, a ɗaure cibiya da zare mai tsabta, kada a barbaɗa toka. Rannan ta kwatanta abin da ke samun jaririn da aka yanke wa cibiya da ƙarfe mai datti: ya ƙi kama nono, baki ya ƙage, jiki ya sandare. Ɗana take kwatantawa, sai ka ce tana wurin. Na zaga bayan ɗaki na yi kuka har na ƙoshi. Da askar da Inna ta gada wurin uwarta aka yanke masa, wadda take gogewa da gefen zanenta.

Na dawo gida da akwatin kayan aiki, kaina a kumbure. Da ina da hankali, da a ɗaki na zaunar da Inna mu biyu na gaya mata. Ban iya ba, na yi ta ɗaga maganar, har matar maƙeri ta haihu da hantsi aka aiko kiran Inna. Na bi ta da akwatina. Ɗakin cike da mata. Ina ganin ta kwance askar nan, raina ya tashi, na riƙe mata hannu a gaban kowa.

"Inna, ajiye. Askar nan ita ke kashe 'ya'yan garin nan. Ita ta kashe nawa."

A cikin matan akwai waɗanda suka binne jarirai kafin suna, kuma duk hannun Inna suke kallo. Ta naɗe askarta ta fita, ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba.

Ɗan maƙeri ya rayu. Daga nan ni ake kira. Dagaci ya riƙa nuna ni ga baƙi, wai ga macen da ba ta da tsoro. Yara sun rayu, ban musa ba, kuma ko yau aka sake zan hau motar nan. Amma yabon ƙona min rai yake yi. Ina jarumtar wanda ya kasa yi wa uwarsa magana a ɗaki, sai a bainar jama'a? Inna da kowane gida nata ne, ta kai in ta shiga barka sai mai jego ta jawo jaririnta jiki. Ta daina zuwa. Matan da ta kwana tana yi wa ruwan wanka su ne ke nuna ta da baki a bakin rijiya, kuma har yau ban yafe musu ba, ban yafe wa kaina ba.

Na durƙusa na ba ta haƙuri ba sau ɗaya ba. Amsarta ɗaya ce kullum: "Me kika yi? Gaskiya kika faɗa."

Bayan 'yan shekaru na sake aure, na dawo ɗakinta haihuwa. Ita ta dafa ruwa, ita ta share ɗaki, amma ni na ɗaure cibiyar na yanke da hannuna. Na naɗe yarinyar a zane na miƙa mata.

"Inna, karɓi jikarki."

Ta leƙa fuskarta ta daɗe tana kallo, sannan ta mai da hannuwanta baya.

"Bari dai a yi suna tukuna," in ji ta.