Tafiyar Da Ɗiyata Ta Waiwayo

Na daɗe ina ɗauke da damuwar nan ni kaɗai. Ɗiyata ta shekara biyu, amma ko kwano ya faɗi a bayanta ba ta waiwayowa. Surukata ta ce taurin kai ne irin na gidansu. Ni dai hankalina bai kwanta ba, sai na shirya zuwa asibiti a Kaduna.

Mun bar Kachia gari bai gama wayewa ba, ni da ita da ƙullin citta da Mama ta aika wa yayana. Tun da farar hula suka karɓi mulki sojoji sun ragu a hanya, amma ramuka suna nan da ransu. A Kujama na sayi gasasshiyar masara, tsadarta ta sa na tsotse har totuwar. Daga Sabon Tasha ɗan acaba ya kai mu Romi, unguwar yayana, ina ta roƙonsa ya yi a hankali.

Yayana da abokinsa, wani ɗan Filato, a coci suka koyi kaɗa kibod. Da masaƙar da suke aiki ta rufe, suka haɗa ƙungiya su biyu. Babu waƙa, babu ganga, sai na'ura, kuma masu fim ke sayen kiɗan. Suka sa mini ɗaya. Ya fara da gunji can ƙasa kamar hadari na haɗowa, sai wani siririn sauti ya hau kansa, har tsigar jikina ta tashi.

Na ce, "Yaya, wa ya mutu?"

Ya ce, "Ke dai 'yar ƙauye! Nan ne jarumi yake dawowa gida."

Muna cikin haka yarinyar ta je ta dafa lasifika, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Abokin, da ya san abin da ya kawo mu, ya ce, "Madam, ɗauke ta ki zauna can nesa, ki juya mana bayanta." Ashe haka suke gwada sabuwar lasifika, daga sauti mai kauri zuwa siriri. Ya danna maɓallin farko a hagun kibod ɗin, mai sauti mai kauri. Ta waiwayo! Ya danna na gaba, ta sake waiwayowa. Da sautin ya sirance, sai ta koma wasa da zanena. Na yi kuka har yayana ya fita waje.

Washegari likita ya duba ta. Ya ce tana ji, sai dai kaɗan, kuma na'urar kunne za ta taimaka tunda mun zo da wuri.

Mun dawo gida lafiya, na gode wa Allah, na gode wa kiɗan da na raina. Kafin na'urar ta samu, da murya irin ta maza nake kiranta. Maƙwabta na ta dariya, ita kuwa tana zuwa.

Don Allah, iyaye mata, in ɗanku ba ya waiwayowa, ku kai a duba kunnensa da wuri.